Wurin da Kawu Sale Ya Zaɓa Mana

"Mama, wurin da babu kumfa a teku shi ne mai haɗarin," in ji 'yata jiya, tana faɗa mini abin da aka koya musu a makaranta. Na ajiye cokali.

Cikin shekarun casa'in, ina budurwa, Kawu Sale ƙanin Umma ya kwashe mu daga Woolwich, unguwar da muke zaune a ƙasar Turawa, zuwa bakin teku. Tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya, inda masu ceto ke sa ido, Turawa sun cika, kusan tsirara. Kawu ya kau da kai.

"Ba zan zaunar da Yaya a nan ba. Mu ƙara gaba."

Umma ta ce, "Sale, ai masu ceton a nan suke."

Ya yi dariya. "Haba Yaya, ni ɗan Yawuri da kogi ya raina? Dubi can, ruwa kwance kamar tabarma."

Can muka shimfiɗa tabarmarmu, can ɗin kuma ya shiga ruwa. Ashe ta kwantaccen wurin nan ruwa ke komawa teku da ƙarfi. Muna kallo yana iyo zuwa wajenmu, yana ƙara nisa. Kafin masu ceto su iso, ruwa ya rufe shi.

'Yata ta ce ba a kokawa da wannan ruwan. Mutum ya kwanta rigingine, ya ɗaga hannu, in ya huta ya yi iyo ta gefe. Ban sani ba ko da ya yi hakan da ya tsira. Na dai san Umma ta dawo Woolwich rungume da takalmansa.

Ku sa Kawu a addu'a. Ku fa, a ina kuke shimfiɗa tabarmarku in kun je bakin teku?