Zumar Baba Za Ta Wata

Jama'a, yau Baba ya kusa kashe ni da kunya!

An yi taron masana sararin samaniya a makarantarmu ta Birnin Gwari. Ban taɓa zuwa irinsa ba, kuma ni ne tafinta. Wani Bature ya nuna hoton duwatsun da aka kwaso daga duniyar wata. Sai Baba ya miƙe!

"Tambaye shi, me suka bar wa masu garin da suka kwaso wa duwatsu?"

Na tambaya. Bature ya ce, "Tuta."

"Tuta? Cin tuta ake yi?"

Sai Baba ya zaro gorar zumarsa ta dajin Kamuku, ya danƙa wa Bature. "In za su koma, su kai wa masu garin. A yi haƙuri, yara ne."

Wallahi hannu biyu Bature ya sa ya karɓa!