Geron Tsaraba da Lambatun Gonar Baba

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Gezawa, ni da wata maƙwabciyata mai zuwa dubiya, ina tafe da geron tsaraba a buhu. Ƙanena ne ya aiko cewa zai sayar da gonar da Babanmu ya bar mana a ƙarƙashin madatsar ruwa, wai ta mutu. Na ce sai idona ya gani.

Kuɗin mota ya tashi, amma haka aka cusa mu kamar kayan miya. A tashar birni muka sha koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance har sai ka lalubo shi a cikin takarda. Muka miƙa arewa, kwalta ta ƙare, muka hau babur muka bi gefen hanyar ruwa, ina riƙe da buhuna ina salati.

Warin gonar na fara ji kafin na gan ta. Ruwa kwance kore shar, tumatir ya yi rawaya ya zube, inda ƙasa ta ɗan sha iska kuwa kanwa ta fito fara fat. A Gezawa fari muke kuka da shi, nan kuma ruwa ne ke kashe amfani.

Na je na duba lambatun da ke kwashe ruwan gonaki zuwa rafi, wanda muna yara da kyar muke tsallake shi. Ciyawa ta toshe rabi. Sauran kuwa kowa ya ɗan tura ƙasa ciki ya ƙara layin albasa, har da ƙanen nawa. Ba wanda bai san ciwon ba. Sai dai idan mutum ɗaya ya yashe nasa, ruwan zai faɗa gonar maƙwabci a yi rigima. Aikin gayya ne, gayya kuma da tuwo take tafiya, shekarun nan kuwa ba mai hatsin ciyar da majiya ƙarfi, kowa na jin kunyar kira.

Ƙanena ya ce, "Yaya, mai saye fa jibi zai zo."

Na ce, "Ka ce masa ya taho da shebur."

Na kwance bakin buhu na ba matan gida su daka, ni kuma na bi gida-gida da kaina ina kiran gayya. Wani dattijo da albasarsa ke tsakiyar lambatun ya ce, "Inna, ita ce abincin iyalina bana." Gaskiyarsa ce. Na ba shi aron tudun gonarmu da ruwa bai ci ba ya dasa ta. Ƙanena ya ɓata rai, na yi kamar ban gani ba.

Washegari maza suka shiga laka har gwiwa suna yashe lambatun, mu muna kai tuwo da miyar kuka. Wajen la'asar baƙin ruwan nan ya motsa, ya kama hanyar rafi. An ce mini kanwar ba za ta tafi bana ba. Kwana ɗaya bayan nan mai saye ya zo, ƙanena da bakinsa ya ce masa an fasa.

Na dawo gida da buhu a naɗe a hammata, zanina duk laka, maƙwabciyata na yi mini tsiya wai na je kai tsaraba na ɓige da girki. Abin da na gani dai shi ne, mutane na iya zuba wa gonarsu ido ta ruɓe saboda kunyar tukunyar da babu komai. Gero ya tafi, gonar Baba tana nan da sunanmu.