Ranar da Hajiya Ta Goge Baƙin Tirbas

Ina iya manta abin da na dafa jiya, amma akwai wata Juma'a a gidanmu na unguwar Jurf da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai a kicin.

Maigidana, tun da ya yi ritaya, ba shi da abin so kamar bindigarsa ta farauta. Da lasisinta da komai, tana kulle a akwatin ƙarfe, in sanyi ya shigo su fita sahara da abokansa. Ni ban san komai a kan bindiga ba, amma kunnena ba ya barci, kuma mutumin nan ba ya gajiya da bayani. Ta haka na san akwai wani ƙarfe mai ɗan hannu da ake ja baya a tura gaba, su suna ce masa tirbas. Nasa da gidan da yake shiga duk na istil ne, irin ƙarfen tukwanenmu da ba ya tsatsa.

To, a nan damuwarsa take. Ya ce ƙyallin ya yi yawa, rana na dukansa tsuntsu ya hango tun daga nesa. Ya ce kuma istil in yana gogar ɗan'uwansa istil, ga yashi, sai ya riƙa cijewa. Dole a yi masa shafi. Wane iri? Wannan tambayar ta ci mana watanni. Da safe ya ce fentin da ake gasawa a wuta ya fi, don yana da launuka. Da rana ya ce a'a, fenti yana ƙara kauri, gara wanda ake tsoma ƙarfen a tafasasshen gishiri baƙin ya shige jikinsa. Bayan la'asar wani abokinsa injiniya ya bugo waya, sai a koma farko. Har ni ya tambaya. Na ce ya sa ruwan zinare, ya dace da labulen falo. Bai sake neman shawarata ba.

Daga ƙarshe ya tsaya a kan fentin gashi, baƙi wuluk marar ƙyalli. Ranar Alhamis ya karɓo shi daga warsha, wato shagon masu aikin ƙarfe, yana murmushi kamar an yi masa haihuwa.

A lokacin surukata, Hajiya, tana wurinmu. A unguwar Anbariyya ta tashi, kuma a zamaninta duk gidan da za a yi biki ita ake kira ta duba kwanuka, don tukunya ba ta fita hannunta sai mutum ya ga fuskarsa a ciki. Amma ta yi doguwar jinya a shekarar, da ta tashi sai ta zama wata daban. Ta daina hira, abinci sai an lallaɓa. Kullum tana kallon hannuwanta tana cewa sun gama aiki, ita yanzu kaya ce a gidan mutane. Likita ya ce jikin ya warke, saura zuciya. Babu abin da muke tsoro kamar wata kalma ta ƙara tura ta cikin wannan ramin.

Da safiyar Juma'ar, maigida ya fito da tirbas ɗin shi kaɗai ban da bindigar, ya shafa masa mai, ya ɗora a kan tiren shayi a bakin tagar tsakar gida, wai man ya tsane. Ya sa farar riga ya tafi masallacin Harami, daga can kuma zai ci abinci gidan aboki. Ni na shige kicin, daga baya na ɗan kishingiɗa.

Waƙa ce ta tashe ni. Muryar tsohuwa, siririya, irin waƙar da mata ke yi in suna aiki. Rabon da in ji ta tun kafin jinyar. Na leƙa, sai ga Hajiya zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa, ta naɗe hannun riga. Gabanta sosan ƙarfe, da tokar garwashin turare, da lemun tsami a yanke, da 'yar wuƙar da nake fere dankali da ita. A cinyarta kuwa tirbas ɗin maigida, yana walƙiya kamar cokalin amarya, sai ɗan baƙi-baƙi da ya maƙale a lunguna kamar jikin zabuwa.

Na ƙarasa wurinta da sauri. Ita ko ta ɗago fuska tana haki, idonta na haske.

"'Yar nan, wane irin hayaƙi ne ya kama wannan abin? Tun hantsi nake fama. Ku yaran yanzu sai ku bar ƙarfe mai kyau ya ƙone haka?"

Na ce sannu da aiki, Hajiya. Ta ce in kawo mata shayi da ɗan burodi, yunwa take ji. Yunwa! Matar da muke bi da cokali.

Na kai mata, sannan na je na tsaya a bayan ƙofar gida ina jiran maigida. Na san halinsa, mutumin kirki ne amma bakinsa ya fi tunaninsa sauri. Yana turo ƙofa na riƙe masa hannun riga, na faɗa masa komai cikin raɗa, na ƙare da cewa ta ci burodi ta nemi ƙari. Fuskarsa ta canza launi kala-kala. Ya fara wata magana da Larabci, na ce ya haɗiye ta. Ya jingina da bango ya rufe ido, ina jin yana ta salati a hankali.

Ya shiga, ya durƙusa gabanta ya gaishe ta. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, ko kallonsa sosai ba ta yi. Ta miƙa masa ƙarfen tana duban gefe, ta ce wanda ya bar kayansa cikin dauɗa ga shi nan an rufa masa asiri.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Wallahi Inna," in ji shi, "tun da na saye shi bai taɓa haske haka ba. Allah ya saka da alheri."

"Amin. Ina sauran?"

"Sauran me, Inna?"

"Ai wannan hannun wani abu ne. Kawo uwar in haɗa, tokar ba ta ƙare ba."

A nan na gudu kicin na toshe baki da gyale. Ina jiyo shi yana rantse-rantse cewa sauran tsaf yake, ita kuma tana cewa ta san tsaf ɗinsa tun yana ƙarami.

Washegari ya kai wa mai warsha ya duba ko an ci ƙarfen a inda bai kamata ba. Mutumin ya ce lafiya lau, bayan ya gama dariya, ya tambaya ko a sake fentin. Maigida ya ce a'a, a cire ragowar baƙin kawai a bar shi fari. Ya san in ya dawo da shi baƙi, Hajiya za ta gane abin da ta yi, ita ba yarinya ba ce. Haka ya fita farautar shekarar da tirbas mai ƙyalli, yana ɗaura masa tsumma, yana yawan goge yashi da sa mai. Abokansa suka sa masa suna mai madubi. Ya dawo ba tsuntsu ko ɗaya, ya ce ai dama iskar sahara ya je sha.

Hajiya kuwa daga ranar ta karɓe kwanukan gidan gaba ɗaya. Butocin gahawa, tire, har marfin tukunyar da na ɓoye don kunya, duk sai da ta zaƙulo. Maƙwabta suka fara aiko da nasu, tana yi tana yi musu faɗa.

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya zaɓi abin da zai shafa wa ƙarfensa, ya fara duba su wa ke zaune a gidansa. Ƙarfe ko sau nawa ya goge akwai warsha. Tsohuwar da ta sake jin tana da amfani kuwa, in ka kashe mata gwiwa da kalma ɗaya, ban san inda za ka kai ta a gyara ba.