Kujerar Malam Kun-Gane

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyar da lissafi ga 'yan shekarar farko a kwaleji, kuma ba a taɓa jin ya rufe magana ba tare da "kun gane?" ba. Shi ya sa sunan Malam Kun-Gane ya bi shi har gida. Sai ya juya wa aji baya, ya cika allo daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya waiwayo gemu duk alli, ya jefa tambayarsa. Ɗalibai ɗari da ashirin su gyaɗa kai tare kamar ƙadangaru a kan katanga. Sabon shiga kuwa, ko ce masa ka yi biyu da biyu bakwai ne, rubutawa zai yi, har ya ja layi a ƙasa da jan biro.

Da sakamakon bara ya fito, kashi biyu cikin uku sun sha ƙasa. Shugaban sashe ya kira shi ofis, ko wurin zama bai nuna masa ba, ya shaida masa zango ɗaya ya rage masa. In aka maimaita, za a karɓe ajin a tura shi ɗakin ajiya ya riƙa gadin karyayyun kujeru.

Ya dawo ya zauna a shagon matarsa, tela mai koya wa mata ɗinki, yana ta mita wai yaran yanzu dutse ne a kansu. Sai ta jawo almakashi. Ta yanka hannun riga a tsohuwar jarida, ta karkace shi da gangan, ta miƙa wa wata sabuwar ɗalibarta ta ce ta duba. Ɗalibar ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce kamar gefe ɗaya ya fi tsawo. Nan take aka ba ta almakashi ta gyara.

Malam ya ce ai ba ta tambaye ta ko ta gane ba.

"In na tambaya 'eh' za ta ce, Malam. Kai ma ranar da na nuna maka dutsen guga 'eh' ka ce. Ina rigar take yanzu?"

Da aka koma makaranta sai ya kafa doka. Kullum zai dasa kuskure ɗaya a allo. Wanda ya kama shi zai hau kujerar malam, mai soso da wurin ɗora hannu, har a tashi, shi kuma Malam ya koma benci. Makon farko ko tari babu wanda ya yi, sai ya ƙi goge allon, ya zauna yana yanke farce. Kafin mako na uku aji ya zama kasuwa. Ana haɗa kai uku-uku, ana musu, har 'yan barcin baya suka dawo gaba, don farautar malami ta fi danna waya daɗi.

Ranar da shugaban sashe ya zo duba aji, Malam ya ƙudurta ba zai dasa komai ba, kada a ce bai iya aikinsa ba. Amma idon shugaba a ƙeyarsa ya rikita shi. Ya mance alamar ɗebewa a layi na uku, ya yi ta gangarawa har ƙasan allo, yana wani ɗaga kafaɗa.

Wata siririyar ɗaliba da ba a taɓa jin muryarta ba ta ɗaga hannu.

"Malam, a yi haƙuri, yau kujerar tawa ce."

Ta fito ta karɓi alli ta gyara, aji ya kaure da tafi. Malam ya dubi allo. Ya ja ƙafa ya je ya matsu a benci kusa da shugaba.

Shugaba ya raɗa masa cewa tarkon yau ya ɓoyu ƙwarai, don shi kansa bai gano shi ba. In haka yaran suka zama, a bar maganar ɗakin ajiya. Malam ya gyaɗa kai kamar ƙadangare.

A gida ya ba matarsa labari, yana nanata cewa da gangan ya yi, tsaf ya shirya abinsa. Ko ɗagowa ba ta yi daga kan keken ɗinki ba.

"Na gane, Malam," in ji ta.