Sunan da Inna Ta Ƙi a Ɗaga

Wallahi abin da zan ba ku labari da idona na gan shi, kuma da rana tsaka, don kada wani ya ce gyangyaɗi ne ya ɗebe ni. Shekarun baya ne ina Batsari, na mayar da zauren gidanmu ɗan situdiyo, kwamfuta ɗaya da makirfo da lasifika biyu a kan sola, ina haɗa wa mutane waƙoƙin biki da na Islamiyya. Lokacin kaina rawa yake, gani nake ko raɗa aka kawo mini sai na ɗaga ta kowa ya ji.

Wata ranar kasuwa sai ga wani dattijo, Malam Lawal, malamin Islamiyya daga Tsaskiya, ya sauka daga babur riƙe da waya. Bayan mun gaisa ya ce mahaifiyarsu, Inna, ta rasu bara, amma ƙanwarsa ta taɓa ɗaukar muryarta tana waƙar daka, tana kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya tana sa musu albarka. Ƙannensa mata sun ɗauki amshi daban, so suke a haɗa a ajiye.

Aikin ba wuya. Kowace murya layinta daban a kwamfuta, kowane layi da madanninsa, ka tura sama ta ƙaru, ka ja ƙasa ta ragu. Na sa Inna a layin farko, amshi a na biyu, kuma da yake matan nan sun buɗe maƙogwaro kamar masu rabon faɗa, su na rage maimakon in ɗaga tsohuwa har mitar auna sauti ta yi ja. Muryarta ta fito tas, siririya mai daɗi, har na ji ina son matar da ban taɓa gani ba.

Sai Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, alfarma ɗaya nika nema. Ni ne ɗan fari, ka san kunya irin ta iyayenmu, har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai 'wancan'. To a ƙarshen waƙar akwai inda muryarta ta yi ƙasa, ina zaton ni ne a wurin."

Na ce, "Baba, ai wannan ƙaramin abu ne." Na duba, lallai ga ɗan motsin sauti nan kamar zare. Na ware wurin, na tura madanni sama, na kunna. Tana ta jero sunaye, ana isowa nan sai madannin ya sulale ƙasa da kansa, hannuna ba ya ko kusa da shi. Na ɗauka wani tsohon saiti ne, na goge komai, na kashe kwamfutar na kunna, na buɗe sabon aiki. Billahillazi sau uku ina turawa yana saukowa, a daidai wurin kaɗai.

Malam kuwa murmushi ya yi, idonsa ya ciko. "Inna ke nan," in ji shi, "gaban baƙo ba ta faɗi. Ba ni abin kunnen nan naka na sauraro, ka ɗan ba mu wuri."

Na cire lasifika, na sa masa abin kunne, na kunna, na fita ƙofar gida, madannin yana can ƙasa yadda ya faɗi. Da na dawo na tarar hawaye sun jiƙa masa gemu. Ya ce, "Ta faɗa, ɗana. Sau biyu ma."

Bayan ya tafi na sa abin kunnen na saurara ya fi sau goma, ba na jin komai sai bugun taɓarya. Haka na fitar musu da waƙar, da giɓinta, kuma har yau in na tuna sai jikina ya yi yar, ga tausayi ga tsoro.

Ku masu haɗa sauti, in kun tarar da inda tsoho ya sassauta murya, ku tambaya kafin ku ɗaga. Wata maganar ba taku ba ce.