Waken Uwar Wani da Na Cinye a Jidda

Liman bai gama shafa addu'ar asuba ba muka bar Jarwal, unguwarmu a Makka, ni da kawuna, shi da carbi ni da igiya. Buhun kukarsa da daddawa ne ya iso Jidda a jirgin ruwa daga Bar Sudan, kuma duk Makka bai ga jakin da ya kai ni arha ba.

Lorin da muka hau ya girmi kakan direban. Kafin Shumaisi sau uku yana suma ana yayyafa masa ruwa. Alhazai sun watse, hanya fayau, sai raƙuma da ke wuce mu suna yi mana kallon tausayi. A Bahra muka tsaya a gahawa, wato rumfar masu shayi. Shayi kurush ɗaya, amma finjalin in ka yi atishawa ya ƙafe.

Kawu ba ya magana a hanya. A gida ma haka yake, in dai zancen mahaifiyata ne. Ƙanwarsa ce. Tare suka taso daga Kano a ƙafa, ta rasu kafin su kai Sawakin, bakin teku, ina goye, shi ya ƙaraso da ni. Shekara talatin ina tambaya, amsa ɗaya ce: "Allah ya jiƙanta." Doguwa ce ko gajera, ban sani ba. Ga shi ya tsufa har ya fara kirana da sunayen mutanen da suka mutu. In ya tafi da labarinta a ciki, shi ke nan, ba sauran wanda ya san ta.

Jidda kuwa kun san ta, mutum na tafe yana dahuwa a rigarsa. Kawu ya shiga wurin 'yan kwastan, ni na zagaya bakin jirage da yunwa kamar ta ɗaga ni sama. Bayan wasu buhuna sai ga akwati an lulluɓe da farin ƙyalle. A kai akwai kofin ruwa, gishiri, furanni rawaya na takarda, burodi mai zanen ƙasusuwa, hoton wata tsohuwa, da kwanon wake ya sha barkono. Ga kyandir yana ci da rana tsaka, na ce don ƙuda ne. Abinci a bakin hanya ba mai sayarwa, kowane ɗan Makka ya san sunansa: sabil, sadakar mai wucewa. Na yi bisimilla. Barkonon nan sai da na ji shi a tafin ƙafata, amma ban bar ko ƙwaya ba.

Ina suɗe kwano wani gajere mai gashin baki ya sauko daga jirgi da ludayi a hannu. Ya dubi kwano, ya dube ni, ya ɗora hannu a ka. Wani Basudane mai aiki a jirgin ya matso ya zama tafinta.

"Ya zol, bawan Allah, ka cinye abincin uwarsa."

"To ta fito in ba ta haƙuri."

"Shekararta shida da rasuwa. Yau ake sa ran zuwanta."

Na waiwaya bayana. Ba tsoro ba ne, wuyana ne ya gaji.

Ashe mutumin kukun jirgi ne, daga wata ƙasa Meziko, can gaba da inda taswira take ƙarewa. A wurinsu kwana biyu ne a shekara da suke cewa matattu na kawo ziyara gida. Sai a share kabari, a shimfiɗa furanni don su gane hanya, a ajiye ruwa saboda ƙishin tafiya, a dafa wa kowa abin da ya fi so. Mamaci ya ɗauki ƙamshi, masu rai su ci daga baya suna ba da labarinsa suna dariya. Kyaftin ya hana kyandir a jirgi saboda kananzir, shi ya sa ya fito da uwarsa waje.

Na ce a faɗa masa, mu namu ba sa dawowa. Masu rai ake ba abincin, lada ya iske mamaci inda yake. Ke nan ni ɗan aike ne, kuma na kai saƙo. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce da tsohuwar tana nan da ta ƙara mini, don ba ta iya ganin mayunwaci ya wuce ƙofarta. Ya ba mu labarin takalminta da take jifa da shi, wanda ke bin yaro har kwana. Sai ya nuna ni da ludayi, Basudanen ya ce, "Wai taka me take so?"

Jama'a, kun san bakina. Ranar ya mutu. Na juya, sai ga Kawu tsaye, ban san tun yaushe ba. Abin da ya ce kawai, "Ɗauki buhu."

Da la'asar muka dawo Bahra. Aka ajiye mana ful, dafaffen waken Larabawa, Kawu ya zuba masa ido bai taɓa ba.

"Ɗan wake," ya ce.

"Na'am, Kawu?"

"Ɗan wake take so. Da yaji sosai, tana ci tana hawaye tana zagin wanda ya daka. A hanya ta yi ta cewa in mun kai Makka shi za ta fara dafa mana." Ya goge ido da bakin rawani. "Gajera ce. Surutu kuwa, kai kana tsammanin a ina ka samo shi?"

Daga nan har Ummul Jud, bakin Makka, bai rufe baki ba, ni kuma ban buɗe nawa ba. Direba har ya tambaya ko ba ni da lafiya.

Abin da na koyo, ba kowane kwano a bakin hanya ne sabil ba, kuma addu'a ta fi daɗi in ka san wa kake yi wa. Mu ba mu kunna kyandir ba. Ranar Juma'a dai an kwance buhun kukar nan, aka yi ɗan wake aka raba a ƙofar gida. Ku da kuka ci kuna hawaye kuna zagin wanda ya daka yajin, ni ne na daka. Kawu ya ce daidai ya yi.