Lemar kwaɗin da ta fito a kan takina

Jama'a, yau saura ƙiris in mari maƙwabcina a cikin lambuna!

Da safe na leƙa bayan gida. Sai ga maƙwabcin nawa, Idi mai shanu, tsugune kan tulin takina, yana tsinke lemar kwaɗin da ta fito bayan ruwan jiya. Wata mata da ake kira Maame, mai sayar da fufu a unguwar Asawase, tana riƙe masa kwando. Miya za ta yi da ita!

Na ce, "Idi, wa ya ba ka izini?"

Ya ce, "Takin nan kashin shanuna ne, Alhaji. Abin da ya tsiro a kai nawa ne!"

Na ce ba rabo nake nema ba, wannan guba ce. Na ci lemar kwaɗi mai kyau a Kamaru, na ci a Kwaddibuwa. Waccan a suri take fitowa, da doguwar saiwa kamar jelar ɓera. Na kifa ɗaya na nuna musu. Ba saiwar, cikinta kuma kore-kore!

Ya daka mini tsawa. "Baƙin ciki ne kawai! Yawon duniya ya mai da kai likita?"

Na juya ga matar, na tambaye ta da yarenta na Twi mutum nawa ke cin miyarta kullum. Ta leƙa cikin kwandon.

Na ce, "To, Idi, mu soya ɗaya yanzu. Kai za ka fara ci."

Ya kalli lemar, ya kalle ni. Wai azumi yake yi!

Maame ta zazzage masa kwandon a ƙafa. Ta ce, "Azumi? Da wannan bakin mai maiƙon ƙosai?"